Koren Ɗigon Alfons

Idan ka tambayi mutanen garinmu wace ce Ottilie Duffner, rabinsu za su ce maka mai gyaran garmaho ce, rabin kuma za su ce masifaffiyar tsohuwar nan ta kan tudu. Duka biyun ba su yi ƙarya ba. Ni na fi kowa sani, domin matar wana ce, marigayi Alfons, kuma tun da na ajiye tuƙin bas nake yi mata dako a banza, tana biyana da baƙar magana da kofi mai sanyi. Sunana Lambert, amma rabon da in ji sunan nan a bakinta har na manta. "Direba" take ce min, ko da a cikin coci ne.

Otti muke ce mata. A wata gona can cikin kwari aka haife ta, irin gidajen nan namu na yankin Schwarzwald da ake kiwon shanu da rani, in ƙanƙara ta toshe hanya kuma a zauna bakin taga ana harhaɗa agogon katako. Tun kafin ta iya karatu ta iya riƙe hantsaki. Tana shekara goma sha biyar ta sauko gari ta shiga kamfanin garmaho, kamar kowa. A lokacin kamfanin nan shi ne uwa shi ne uba: in jiniyarsa ta yi kuka da safe, karnuka da jarirai kaɗai ake bari a unguwa. Ni ne ma na fita zakka, don yatsuna ba sa shiri da ƙananan abubuwa, shi ya sa na kama sitiyari.

Bayan 'yan shekaru aka ɗaga ta zuwa teburin masu saiti. Su ne hannu na ƙarshe da garmaho ke bi kafin a sa shi a kwali, kuma ba su da yawa. Duk notin da mai saiti ya daidaita, sai ya ɗiga masa fenti a ka, don kada ya motsa, don kuma a san an gama da shi. Kamfani bai damu da launin fentin ba. Su ne suka damu, kowa ya kama nasa: na Otti ja, na Alfons kore, wani shuɗi, wani rawaya. Akwai kuma wata doka a tsakaninsu wadda ba manajan da ya kafa ta: ba ka fasa ɗigon wani a bayan idonsa. In ka ga dole sai an taɓa notin, ka tashi da ƙafarka ka je ka same shi, ka dube shi ka ce, "Aikinka bai yi ba." Sannan ka dawo ka fasa, ka gyara, ka ɗiga naka. Wanda ya fasa a ɓoye kuwa, da shi da ɓarawo ɗaya ne a idonsu. Na san mutum biyu da suka daina gaisawa a kan haka, har aka binne su a layi ɗaya ba su shirya ba.

Ta haka ma Otti ta sami miji. Ba ta ko gama ɗumama kujerar ba ta ratsa zauren tun daga wannan ƙarshe har wancan, garmaho a hannu, ta dire shi gaban Alfons, wanda ya daɗe a teburin kuma ba wanda ya taɓa mayar masa da aiki.

"Kai ne mai kore?"

"Ni ne."

"To aikinka bai yi ba."

Kowa a zauren ya juyo. Alfons ya duba, ya ga tana da gaskiya, kunnuwansa suka yi jajur. Da yamma ya dawo gida ya ce min, "Lambert, yau wata 'yar ƙauye ta ci min mutunci a gaban jama'a. Ita zan aura." Ya kuwa aura.

Akwatin kiɗan aurensu shi ya haɗa shi da hannunsa. Irin manyan nan ne na katako mai duhu mai sheƙi, tsawonsa ya kusa na gado, rediyo a tsakiya, lasifika dama da hagu, garmahon kuma a ƙarƙashin murfi. Kowane noti a ciki da koren ɗigonsa. Mu huɗu muka hau da shi tudu, har yau bayana yana tuna min. Ranar Lahadi in an dawo daga coci an ci abinci, sai a naɗe kafet a ture tebur, su yi ta rawa a falo, 'yarsu Carola tana tsalle tsakanin ƙafafunsu, ni kuma ina gefe ina yi wa kek adalci.

Daga baya duniya ta juya wa garinmu baya. Kaya masu araha suka shigo daga ƙetare, aka zo aka fito da ƙananan fayafayan nan masu ƙyalli, kamfani ya yi ta rage mutane har ya rufe ƙofa. Alfons ya koma gadin makaranta, Otti tana goge azuzuwa. Amma abin da ya fi ci mata rai ba wannan ba ne. Ranar fitar da manyan tarkace ce, ran da kowa ke jibge tsofaffin kujeru da katifu a bakin titi motar hukuma ta kwashe. Sai ga akwatunan kiɗa a jere cikin ruwan sama, a ƙofar mutanen da da hannunsu suka ƙera su. Ta ari amalanke ta bi gari tana lodawa. Wani ma'aikacin hukuma ya tare ta ya ce duk abin da aka ajiye a bakin titi ya zama na hukuma, ɗauka laifi ne.

Ta buɗe murfin ɗaya, ta ɗaga garmahon, ta nuna masa jan ɗigo. "Ka ga wannan? Ni na sa shi, lokacin kana fitsarin kwance. Je ka gaya wa hukuma ta zo ta nuna min nata."

Ɗakin ƙasa na gidansu ya cika har ba wurin ajiye dankali. Mutane suka yi ta dariya, wai Duffner da matarsa sun buɗe maƙabarta. Su biyun suka toshe kunne, suna gyarawa ɗaya bayan ɗaya, alhali masu so ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Alfons bai ga ƙarshen dariyar ba. Zuciyarsa ta tsaya wata safiya yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida. Bayan 'yan watanni akwatin falo ya soma gurnani, ya yi warin ƙuna. Otti ta zare wayarsa daga bango, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle, ta ɗora tukunyar fure. Shiru ke nan, shekara ashirin da wani abu.

A cikin shekarun nan ne garmaho ya dawo yayi. Samari masu gemu suka fara hawowa tudunmu daga Stuttgart da Zurich, da akwatunan kakanninsu a bayan mota, waɗanda suka yi dariya kuma suka koma leƙe ta labule. Tambayar da Otti ke fara yi musu ba ta canzawa.

"Ka jona shi da wuta?"

"A'a, Frau Duffner, ko taɓa shi ban yi ba."

Sai ta sunkuya ta shinshina bayan akwatin. "Kunnena ne ya mutu, yaro, hancina da ransa. Abu ya yi shekara arba'in yana barci, ka zo ka watsa masa wuta gaba ɗaya don ka ga ko yana aiki? Kai in aka tashe ka haka ai sai ka yi abin da ya fi hayaƙi."

Maganar kunne gaskiya ce, ya daɗe da tafiya. Tana da 'yan na'urorin nan na sawa a kunne, "kyankyasai" take kiransu, kuma in za ta yi aiki cire su take ta ajiye a faranti. Sai ta ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ta cije ƙotar da haƙora, ta lumshe ido. Ta nan take jin ko giris ya daskare, ko tayar roba ta bushe, ko wani abu na gogar wani. Kuma duk garmahon da zai bar ɗakinta sai ta ɗora masa wani faifan takarda mai ƙananan layuka ta haska fitila. In gudun ya yi daidai, za ka ga layukan kamar sun tsaya cak. In suka ɗan ja gaba ko baya, ko da tafiyar tururuwa ce, to mai shi ya koma gida ya dawo wani makon. Na ga wanda ya taso tun daga Basel ya koma hannu rabbana saboda haka.

Sau da yawa na ce mata, "Otti, kin gyara na duk duniya, naku na falo ya zama teburin fure. Ba kya jin kunya?"

"Direba, ka taɓa ganin na shiga bas ɗinka na koya maka taka birki?"

Na san dalili, tsokana ce kawai irin tawa. Duk cikinsa kore ne, kuma mai koren ba ya inda za ta je ta same shi.

Sanyin da ya wuce ta zame a matakalar ɗakin ƙasa, ƙugu ya karye. Aka yi mata aiki, ta tashi, amma da keken dogarawa, gidan kan tudu kuwa duk matakala ne. Carola ta yi ta zarya daga Freiburg har ta rame. Kada a ce na zage ta: 'yar kirki ce, tana son uwarta, sai dai ita irin mutanen nan ce da hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ga ana bin doka. Ita ta samo ɗaki a gidan tsofaffi da ke ƙasan gari, wanda aka gina a filin da motocin kamfani suke lodi a da. Otti ta yi masifa har ta gaji, sannan ta ce za ta je, ai dama can ta fara. Amma da akwatinta.

A teburin kicin aka yi ta, ina zaune.

"Mama, na tambayi Frau Brugger," in ji Carola. Frau Brugger ita ce shugabar gidan tsofaffin. "Kowa yana da damar kawo babban kaya guda ɗaya. Amma duk abin da ke da wayar wuta sai yana aiki, sai kuma mai duba lantarki ya gwada shi ya amince. Mataccen abu ba ya shiga."

"Mataccen abu ba ya shiga? To ni ta yaya suka karɓe ni?"

"Mama, don Allah. Ki ɗauki kujerarki mai taushi, bayanki ya huta. Akwatin nan tun kafin in yi furfura rabonsa da magana. Na riga na gaya wa Herr Vosseler, ƙarshen wata in an zo kwashe gidan zai ɗauka."

Otti ta ajiye kofinta a hankali. Na ja kujerata baya, don na san alamar.

Vosseler ɗin nan wani mai shago ne a Freiburg. Sayen tsofaffin akwatuna yake, ya ƙwaƙule cikinsu kaf ya zubar, ya jera kwalaben giya a wurin, ya liƙa wata 'yar lasifika da ake kunnawa da wayar hannu. "Mahauci" take ce masa, kuma ta taɓa korarsa da tsintsiya.

"Mahauci kika kira wa ubanki?"

"Ba Baba ba ne, Mama, katako ne! Katako da ƙura! In kina sonsa haka, me ya hana ki gyara shi duk shekarun nan? Ki gyara mana. In ya yi kiɗa, ni da kaina zan ɗauke shi a ka in kai miki."

"Kin faɗa."

"Na faɗa. Onkel Lambert shaida ne."

Ni dai Onkel ɗin, wato baffanta, ban so aka sa ni a ciki ba, amma na gyaɗa kai.

Washegari na kwaso mata kayan aiki daga ƙasa zuwa falo, da ƙarfen dalma, da gwangwanayen noti, da kwalbar jan fenti. Na cire wa akwatin marfin baya, na ciro garmahon na kifa shi a kan teburin cin abinci. Ga koren ɗigo nan birjik, kamar jiya aka sa. Otti ta zauna, ta ɗauki sukudireba, ta kai bakinsa kan noti na farko, sai ta tsaya. Ta ajiye ta ce haske bai isa ba. Da na dawo ta ce hannunta na ciwo. Da na sake dawowa na same ta tana goge katakon da mai, ta juya wa teburin baya. Wata yana ta gudu, ni kuma raina yana ta ɓaci, don na ga alamar mahauci zai ci banza.

Shi ma ya zo, da tef ɗin awo a hannu, yana murmushi. "Frau Duffner, wallahi zan riƙe shi da daraja. Irin katakon nan ba a samunsa yanzu."

"Kai ma fatarka ba laifi," in ji ta. "In ka mutu a ƙwaƙule ka a jera kwalabe. Direba, raka shi."

Da na rufe ƙofa na ce, "Ba ni sukudireban nan. Ni ba ɗan kamfani ba ne, dokarku ba ta hau kaina ba. In fasa miki su duka, ki gyara abinki."

Ta buge min hannu da ƙota, sai da wurin ya kumbura.

"A bayan idonsa? Ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya? Tir da kai."

"To ya kike so a yi? Mutumin nan ya mutu, Otti! Ko waya za ki buga masa?"

Ta ajiye sukudireban. Sannan ta ce, "Ɗauko mota. Ɗauko garmahon ma."

Maƙabartarmu tana bayan coci, hanyarta kuma tsakuwa ce, ba ta shiri da keken dogarawa. Ta ƙi in riƙe ta. Tana gaba tana turawa tana tsaki, ina baya rungume da garmaho kamar mai kai jariri baftisma. Wasu mata biyu da ke ba furanni ruwa suka saki baki suna kallonmu. Da muka isa ta ce in dire shi a kan kabarin, cikinsa sama, yadda mai shi zai gani. Ta gyara gashinta, ta miƙe iyakar yadda ƙugun ya yarda.

"Alfons Duffner. Kai ne mai kore?"

Ba abin da ya motsa sai ganye.

"To aikinka bai yi ba." Ta yi gyaran murya ta ƙara ƙarfi, har matan can suka ji. "Shekara talatin da 'yan kai kawai ya yi, sai ya kwanta. Giris ɗinka ya zama ƙaro, robarka ta bushe. Na yi maka kara shekara ashirin, ya isa haka. Ga shi na zo da ƙafata na faɗa maka a gabanka, kada ka ce ba ka ji ba. Ba zan bari a zuba maka giya a ciki ba, kuma ba zan tafi gidan can ni kaɗai ba."

Ta juyo gare ni. "Kai kuma me kake wa kuka, direba? Ɗauki mu tafi."

Na ce mata sanyi ne ya shiga idona, ta ce ƙarya nake. Ƙaryar kuwa nake, ai wana ne, kuma ban taɓa jin kewarsa kamar ranar ba.

Muna komawa ta fara. Noti na farko ya yi 'yar ƙara, koren ya tarwatse, ta sa yatsa ta tsince ɓarɓashin ta zuba a aljihun rigar aikinta. Daga nan hannunta ya saki. Ta wanke tsohon giris ta sa sabo. Ta canza tayar roba da wata da ta aike ni na tono cikin tarkacen da aka yi mata dariya a kansu. A ɓangaren rediyo ta ciccire 'yan kayan da suka kumbura suka tsiyaye, ta dasa sababbi da dalma, ta sa sabuwar wayar wuta. Duk notin da ta gama da shi sai ta ɗiga ja. Ni aikina riƙe fitila da shan zagi, in na gaji kuma ta yanka min baƙin burodi da cuku ta ce kada in zuba ɓarɓashi a cikin injin.

Ranar da za a ba shi wuta ba ta jona shi kai tsaye ba. Ta ratsa ƙwan lantarki a tsakani, yadda take yi kullum, don in akwai matsala ƙwan ya sha wutar maimakon akwatin. Ƙwan ya haska, ya dusashe a hankali, 'yan kwalaben gilashi na cikin rediyon suka soma yin ja. Farantin garmaho ya juya. Ta ɗora sukudireba, ta cije, ta lumshe ido. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurin Otti babban yabo ne.

Saura noti ɗaya, na saitin gudu, shi kaɗai ya rage da korensa. Ta mayar da kyankyasanta a kunne, ta ɗora faifan takarda ta haska fitila. Ko ni da ba ɗan sana'a ba na gani: layukan suna jan gaba, ba ma tafiyar tururuwa ba, tafiyar wanda ya makara coci.

"Yana gudu," na ce, har da jin daɗi. "Fasa ki gyara."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ranar da kuka hawo da shi na sani. Da gangan ya yi. Wai mawaƙan nan duk barci suke ji, kuma in ya bi su a hankali taka min ƙafa yake. Na ce ya gyara, ya ce in na isa in fasa." Ta rufe kwalbar fentin.

"Ke da kika mayar da bawan Allah Basel a kan tafiyar tururuwa?"

"Wancan kuskure ne. Wannan rashin kunya ce. Kuskure nake gyarawa, direba."

Ta bar shi da korensa.

Mai duba lantarki ta zo da na'urarta, ta gwada gaba ta gwada baya, ta liƙa ɗan tambarinta a bayan akwatin. Ita ba ruwanta da gudun faifai, wuta ce tata. Carola ba ta ɗauke shi a ka ba, ta dai samo ƙarti huɗu, ta kuma buga wa mahauci waya ta ba shi haƙuri. Ba ta ko tsaya ta saurari kiɗan akwatin ba, tana ta fama da kwalaye da labule. Frau Brugger ta duba tambarin ta ce a shiga da shi. Da a ce ta buɗe ɗan kabad ɗin fayafayai, da ta ga ƙarfen dalma da kwalbar jan fenti a bayansu, amma ba ta buɗe ba, ni kuma ba a tambaye ni ba.

Lahadin farko muka haɗu a sabon ɗakin bayan abincin rana. Ɗakin ƙarami ne, akwatin ya cinye bango guda, kujera mai taushi kuwa ba ta samu shiga ba. Otti tana kan kujerar katako a gefensa, kyankyasanta a faranti. Carola ta zo da kek mai 'ya'yan itacen ceri, fuskarta a gajiye, tana yankawa tana mitar mai son sayen gidan kan tudu da ke ta yi mata yawo da hankali.

"Direba, sa mana mai shuɗin kwali."

Na ciro faifan na ɗora, na tura maɓalli. Hannun garmaho ya tashi da kansa, ya je ya sauke allura. Aka ji ƙas-ƙas, sannan kiɗan ya cika ɗakin, wata tsohuwar waƙar rawa, muryar mace siririya, tana sauri tana tsalle.

Wuƙar ta tsaya a hannun Carola.

"Ita ce," ta ce a hankali. Ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa. "Onkel, ita ce! Waƙar nan ba inda ban saurare ta ba, a mota, a waya, ko'ina. Kullum sai in ji ta yi nauyi, kamar matar ta gaji. Na ɗauka ni ce na tsufa. Na ɗauka ƙuruciya ce ta yi min ƙarya."

"Aikin ubanki ne," na ce. "Shi ya sa mata gudu."

Otti ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Tafin hannunta yana kan katakon, ƙafarta mai lafiya tana buga ƙasa daidai da kiɗan, idonta a kan 'yarta. Ba ta ce ai na gaya miki ba, kuma na san ta sha wuya kafin ta haɗiye.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, Frau Brugger ta leƙo. "Frau Duffner, lokacin hutun rana ne, wasu suna barci. A ɗan rage."

Otti ta ga bakinta na motsi, ta nuna mata faranti. "Ga kunnuwan can, gaya musu."

Carola ta miƙe da sauri, ta goge hannu, ta nufi akwatin. Na ce a raina shi ke nan, 'yar doka ta tashi. Ta kama maɓallin murya, ta tsaya, ta dubi hannun uwarta a kan katako. Sai ta murɗa shi sama, har gilashin taga ya soma rawa.

"Ki yi haƙuri, Frau Brugger," ta ce, hawaye na zubo mata. "Uwata kurma ce. In bai kai haka ba, ba ya isa hannunta."

Frau Brugger ta koma da baya, ta ja ƙofar. Otti ta kamo hannun Carola ta danna shi a kan katakon kusa da nata, suka zauna haka har faifan ya ƙare, hannun garmaho ya ɗaga allura ya koma mazauninsa.

"Direba," in ji Otti, "me kake jira? Juya shi."